JAN FITSARI BA CIWO ƊAYA BA NE

Abin da madubin likita yake gani cikin fitsari

A ɗauka an kawo yara uku gidan likita rana ɗaya. Na farko ɗan shekara 10 ne, daga wani ƙauye na bakin gonakin noman rani na Ƙonni. Na biyu ɗan shekara 6 ne, daga ƙasar Illela. Na uku ɗan shekara 8 ne, daga wajen Malbaza. Iyayensu duka magana ɗaya suka zo da ita: fitsarin yaro ya yi ja.

A ƙauye suna ɗaya ake ba wannan abu, wato tsargiya. Amma kama da wane ba wane ba ce. Yaran nan uku kowa da ciwonsa. Ɗaya zai warke da magani na sha ɗaya. Ɗaya sai an kwantar da shi ana lura da shi. Ɗaya kuwa in ya ƙara kwana biyu a gida, yana iya rasa ransa. In aka ba su magani iri ɗaya, biyu za su cutu.

Ido ba ya iya rarrabe su. Shi ya sa likita yake miƙo ƴar kwalba, ya ce a kawo fitsari. Wasu suna jin kunya. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne da ɓata kuɗi. Ga bayanin abin da ake yi da fitsarin nan, da abin da ake gani a ciki.

INA FITSARI YAKE FITOWA?

Mutum yana da ƙoda biyu. Suna cikin jiki ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Aikinsu tace jini, dare da rana.

Cikin kowace ƙoda akwai ƴan ƙananan rariyoyi wajen miliyan 1. Kowace rariya tana haɗe da ɗan bututu siriri, wanda bai kai kaurin gashi ba. Rariya mai lafiya tana barin ruwa da datti su wuce. Tana tare ƙwayoyin jini. Tana kuma tare wani abinci na jiki da ke cikin jini, wanda likitoci suke kira albimin.

A kwana ɗaya ƙodojin babban mutum suna tace ruwa wajen lita 180. Wannan ya kusa cika babban tano mai lita 200. Amma ƴan bututun nan suna mayar da kusan duka ruwan cikin jini. Abin da ya rage bai fi lita 1 zuwa lita 1 da rabi ba. Shi ne fitsari.

Daga ƙoda fitsari yana bin hanyoyi biyu dogaye zuwa mafitsara. Can yake taruwa har mutum ya ji yana matsa shi. Ashe fitsari matafiyi ne. Duk inda ciwo yake a kan hanyarsa, sai ya kwaso alama. Haka ruwan ƙorama yake. Wanda ya ga jar ƙasa cikinsa ya san ta fako ya biyo. Wanda ya ga karan dawa ya san ta gona ya biyo.

MADUBIN LIKITA

Alamun da fitsari yake kwasowa ƙanana ne ƙwarai. Sai da madubin likita ake ganin su. Sunansa na boko mikroskop. Yana da gilasai masu ƙara girman abu, da fitila a ƙasa. Wanda babu lantarki wurinsa yana amfani da hasken rana. Haske yana ratsa ɗigon fitsari, ya shiga gilasai, ya kai ga idon mai dubawa.

Don awon fitsari ana ƙara girman abu sau 100, sa'an nan sau 400. Da a ce za a ƙara wa ƙwayar gero girma sau 400, da sai mutum ya buɗe hannuwa kafin ya rungume ta.

Madubin nan ya daɗe a duniya. Tun shekarun 1670 wani mai sayar da tufafi a ƙasar Holan, sunansa Lewenhuk, ya riƙa gyara ƙananan gilasai da hannunsa. Da su ya ga ƙwayoyin jini, ya kuma ga ƙananan halittu suna motsi cikin ɗigon ruwa. A 1851 wani likita Bajamushe, Teyodor Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira na Masar. Daga sunansa aka samo sunan cutar na Faransanci, wato bilarziyoz. A 1910 kuma an ga ƙwan tsutsar cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar na dā, waɗanda suka mutu shekara wajen 3,000 da suka wuce. Tsargiya tsohuwar abokiyar gabar masu zama bakin ruwa ce.

YADDA AKE AWON

Mai awo yana bin mataki biyar.

1. Yana duba fitsarin da ido. Yana lura da launinsa. Yana lura ko garau yake ko ya gurɓace, ko kuma yana kumfa.

2. Yana tsoma wata ƴar takarda mai canja launi. Takardar tana nuna ko akwai jini, ko albimin, ko sukari. Amma ba ta faɗin inda jinin ya fito.

3. Yana zuba fitsari kamar mililita 10 cikin ƴar kwalba doguwa. Wannan ya kai cikin ƙaramin cokali biyu. Yana sa kwalbar cikin wani inji mai juyawa da sauri kamar mazari. Wani na lantarki ne, wani da hannu ake murza shi. Bayan minti 5, duk abin da ke da nauyi ya kwanta a gindin kwalba, kamar yadda laka take kwanciya a gindin tulu.

4. Yana tsiyaye ruwan sama, ya bar lakar. Ya ɗiga ɗigo ɗaya kan ɗan gilashi, ya rufe da wani gilashi sirara.

5. Yana sa gilashin ƙarƙashin madubi. Yana duba wuri 10 ko fiye. Yana ƙirga abin da ya gani, ya rubuta a takarda.

Don neman ƙwan tsargiya akwai wata dabara kuma. Ana tura mililita 10 na fitsari ta cikin ɗan ƙyalle mai ƙananan ƙofofi. Ruwa ya wuce, ƙwai ya maƙale. Sai a ɗora ƙyallen ƙarƙashin madubi a ƙirga.

Aikin nan duka ba ya cin rabin awa. Babu allura, babu zafi.

JAJAYEN ƘWAYOYIN JINI

Su ne suke ba jini launinsa. Siffarsu kamar ɗan faifai. In aka jera 140, da kyar za su kai milimita 1. Cikin fitsarin mai lafiya, in aka ƙara girma sau 400, ba a ganin fiye da 2 a wuri ɗaya. In sun kai 3 ko sun wuce, ana neman dalili.

Ana iya samun jini cikin fitsari alhali fitsarin bai yi ja ba. Mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau, amma jini yana ɗiga kaɗan kaɗan. Madubi ne yake tona wannan.

Siffar ƙwayoyin ma tana ba da labari. Waɗanda suka fito daga mafitsara suna nan a kewaye, duka kai ɗaya. Waɗanda suka fito daga ƙoda kuwa sun kutsa ta rariyar da ta lalace. Sun sha matsi cikin ƴan bututu. Sai a gan su a murɗe, wasu da ƙulu a gefe, wasu manya wasu ƙanana.

FARAREN ƘWAYOYIN JINI

Waɗannan su ne dakarun jiki. Sun ɗan fi jajayen girma, cikinsu da tsaki-tsaki. Duk inda ƙwayar cuta ta shiga, can suke taruwa su yi yaƙi. Mugunyar da ake gani a miki gawarsu ce.

In an ga fiye da 5 a wuri ɗaya, akwai alamar ciwo a hanyar fitsari. Sau da yawa ana ganin ƙwayoyin cuta kusa da su, ƙanana kamar ƙura, wasu suna motsi. Mai wannan ciwo yana jin zafi wajen fitsari. Yana zuwa bayan gida a kai a kai, amma kaɗan yake yi. Ciwon ya fi kama mata, domin hanyar fitsarinsu gajera ce. Ga mai ciki yana da haɗari. In ya hau zuwa ƙoda, yana iya jawo haihuwa kafin lokaci.

Wani lokaci likita yana so ya san ainihin ƙwayar cutar. Sai a shuka fitsarin cikin wani faranti, a jira kwana 2 ko 3. Da haka ake sanin maganin da zai kashe ta.

ƁAWO, DA GISHIRI, DA SAURANSU

Hanyar fitsari tana da fata ta ciki, kuma fatar tana saɓa. Ana ganin ɓawonta ƙarƙashin madubi. Manyan ɓawo masu faɗi daga bakin hanya suke. In sun yi yawa, ba a ɗebi fitsarin da tsabta ba, sai a sake. Ƙananan ɓawo masu kewaye daga bututun ƙoda suke. In sun yi yawa, ƙoda ta ji rauni.

Ana kuma ganin ƴan duwatsu masu ƙyalli. Wasu kamar ambulan na wasiƙa, wasu kamar akwati. Gishirin jiki ne ya daskare. Mai lafiya ma yana iya samun su, balle wanda ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Amma in suna tare da jini da matsanancin ciwon kwiɓi, likita yana tunanin tsakuwar ƙoda.

Ga masu ciwon sukari ana yawan ganin wata irin funfuna mai ƴaƴa kamar ƙwai. Ana kuma ganin wata ƴar halitta mai bulala tana iyo. Ita ana ɗaukar ta wajen saduwa. In an gan ta, miji da mata tare za su sha magani.

ƘWAN TSARGIYA

Cikin duk abin da ake gani, ƙwan tsargiya ya fi sauƙin ganewa. Babba ne. Tsawonsa ya kai jajayen ƙwayoyin jini 20 a jere. Siffarsa kamar ƙwallon dabino. A ƙarshensa akwai tsini ɗaya kamar ƙaya.

Uwar ƙwan tsutsa ce mai tsawon santimita 1 zuwa 2. Tana zaune cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara. Tana iya shekara 3 zuwa 5 tana zuba ƙwai kowace rana. Ƙwai yana huda jikin mafitsara don ya fita tare da fitsari. Nan jini yake fitowa. Shi ya sa mai tsargiya ya fi ganin jini a ɗigon ƙarshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni. In aka ƙirga ƙwai 50 ko fiye cikin mililita 10, ciwon ya yi nauyi.

Ba duka ƙwai yake fita ba. Da yawa yana maƙalewa cikin nama. Shekara da shekaru, jikin mafitsara yana taurara. Hanyar da ta taso daga ƙoda tana tsukewa, fitsari ya koma baya, ƙoda ta kumbura. Ga wasu, daji yana fitowa a mafitsara bayan sun manyanta. Ga mata, ƙwan yana shiga al'aura da mahaifa. Yana kawo ciwon mara, da zubar jini, har da rashin haihuwa.

Wasu suna cewa jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Wasu suna cewa zafin rana ne. Madubi ya raba gardama. Mai shakka yana iya roƙon mai awo ya bar shi ya leƙa. Gani ya kori ji.

SANDUNAN ƘODA

Akwai wani abu da ba ya fitowa ko'ina sai cikin ƙoda. Siffarsa kamar guntun sanda. Da Faransanci ana ce masa silandir.

Ga yadda yake samuwa. In yaro ya cusa ɗanyen yumɓu cikin bututu, ya turo shi waje, yumɓun zai fito da siffar bututun. In akwai tsakuwa ko ciyawa a ciki, za su fito manne da yumɓun. Haka yake cikin ƙoda. Ƴan bututun ƙoda suna fid da wani abu mai yauƙi. Wani lokaci yana daskarewa, ya ɗauki siffar bututun. Duk abin da ya tarar a wurin sai ya riƙe shi. Daga baya fitsari ya turo shi waje.

Don haka sandar nan shaida ce daga cikin ƙoda kanta. Abin da ke manne da ita shi yake faɗin irin ciwon.

1. Sanda garau, babu komai cikinta. Ana ganin kaɗan ga mai lafiya bayan aiki mai wuya, ko ƙishirwa, ko masassara. Ita kaɗai ba abin tsoro ba ce.

2. Sanda mai jajayen ƙwayoyi. Rariyar ƙoda ta kumbura, jini yana yoyo daga can. Ko ɗaya aka gani, magana ce babba.

3. Sanda mai fararen ƙwayoyi. Ciwo ya wuce mafitsara, ya hau ƙoda. Mai shi yakan yi zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da ciwon baya ta gefe ɗaya.

4. Sanda mai tsaki, launin ruwan ƙasa. Bututun ƙoda sun ji rauni farat ɗaya. Ana ganin wannan bayan amai da zawo mai tsanani, ko zubar jini da yawa wajen haihuwa, ko masassarar cizon sauro mai nauyi, ko saran kububuwa. Wasu saiwoyi da wasu ƙwayoyin kashe ciwo da ake saye a bakin hanya su ma suna jawo shi.

5. Sanda mai ɗigon kitse. Rariya ta huje, albimin yana zuba da yawa. Fitsari yana kumfa kamar an sa sabulu. Fuska da ƙafa da ciki suna kumbura.

6. Sanda mai faɗi, kamar kakin zuma. Ciwon ƙoda ya daɗe, ƙodar ta gaji. Hawan jini da ciwon sukari da aka bari babu magani suna kai mutum nan.

In ƙoda ta daina aiki gaba ɗaya, sai wankin jini da inji, sau biyu ko uku kowane mako. Injin nan sai manyan asibitoci, kamar na Lamorde a Yamai. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Manomin da ya kai ga wannan ya bar gonarsa ke nan. Ɗigon fitsari da aka duba da wuri yana iya hana wannan tafiya.

A KOMA GA YARAN NAN UKU

Yaro na farko kullum yana wanka cikin magudanar ruwa. Jininsa a ƙarshen fitsari yake zuwa. Madubi ya nuna ƙwai mai tsini, da jajayen ƙwayoyi masu kewaye. Babu sanda ko ɗaya. Tsargiya ce. Maganinta sunansa prazikwantel. Ana auna nauyin yaro ko tsayinsa, a ba shi daidai da jikinsa. Yana sha sau ɗaya, bayan ya ci abinci.

Yaro na biyu ya tashi da safe fuskarsa a kumbure. Fitsarinsa kaɗan ne, launinsa kamar shayi. Mako 4 da suka wuce ya yi ƙazwa, ya sosa har ta zama gyambo. Madubi ya nuna jajayen ƙwayoyi a murɗe, da sanduna masu jini. Babu ƙwai. Ƙwayar cutar da ta shiga gyambon ce ta ta da rikici cikin jini, rikicin ya faɗa kan rariyar ƙoda. Ciwon maƙogwaro ma yana jawo haka, bayan mako 1 zuwa 3. Prazikwantel ba zai yi wa yaron nan komai ba. Sai an auna hawan jininsa, an rage masa gishiri, an ba shi maganin fid da ruwa da na kashe ƙwayar cuta. In an kula da su, yawancin yara masu wannan ciwo suna warkewa sarai.

Yaro na uku jikinsa zafi rau. Tafin hannunsa ya yi fari. Fitsarinsa ya yi duhu, ya kusa baƙi. Takarda ta ce akwai jini. Amma da aka duba a madubi, kusan babu jajayen ƙwayoyi. Sai sanduna masu launin ƙasa. Ina ƙwayoyin suka tafi? Sun fashe tun cikin jijiya, launinsu kaɗai ya fito. Aka auna jininsa, aka ga masassarar cizon sauro mai tsanani. Shi allura yake bukata nan take, wataƙila har da ƙarin jini.

Akwai abin lura guda biyu. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar ciwo biyu. Yaro mai ƙwan tsargiya, in fuskarsa ta kumbura, sai a nemi sanduna kuma. Sa'an nan rashin ganin ƙwai rana ɗaya bai wanke mutum ba. Ƙwai ba ya fita daidai kullum. In likita ya ce a dawo gobe a sake, a dawo.

RUWAN ALBARKA, RUWAN HATTARA

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980 aka gina gonakin noman rani na Ƙonni. Faɗinsu ya fi hekta 2,000. Ruwansu yana zuwa daga madatsun Mozage da Zongo, a kwarin Maggiya. Galmi ma tana da madatsarta, albasarta kuwa ta yi suna har ƙasashen waje. A ƙasar Illela da Malbaza akwai tabkuna da ke riƙe ruwa watanni bayan damina. Ruwan nan arziki ne. Amma ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali shi ne gidan wata ƴar katantanwa, kuma ita ce mai renon tsargiya.

Ga yadda abin yake zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito ya shiga katantanwa. Bayan mako 4 zuwa 6, dubban ƴaƴa su fito suna iyo. Ido ba ya ganin su. Suna huda fatar mai wanka, da mai wanki, da mai ban ruwa, da mai su. Bayan wata 2 zuwa 3, shi ma ƙwai ya fara fita cikin fitsarinsa.

A 2004 ƙasar Nijar ta fara babban shiri na raba prazikwantel ga jama'a, musamman yara ƴan makaranta. Maganin yana kashe tsutsar da ke cikin jiki. Ba ya hana wata sabuwa shiga. Don haka:

- Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tabki ko magudana, ko a bakinsu.
- Kowane gida ya gina masai.
- Ruwan wanka da aka ɗebo daga tabki, a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi, ko a tafasa shi.
- Mai ban ruwa ya sa takalmin roba dogo in yana da hali.
- Ranar rabon magani, a kawo duka yara, har da waɗanda ba su zuwa makaranta.

YADDA AKE BA DA FITSARI

Awo ba ya yin kyau sai fitsarin da aka kawo ya yi kyau.

1. A yi amfani da kwalbar da likita ya bayar. Tsohuwar kwalbar magani ko ta lemo tana ɓata awo.

2. A wanke hannu da gaba da ruwa mai tsabta.

3. A bar na farko ya zuba ƙasa, a tari na tsakiya. Amma in tsargiya ake nema, a tara har ɗigon ƙarshe.

4. Don neman sandunan ƙoda, fitsarin farko na safe ya fi. Don neman ƙwan tsargiya, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana ya fi. Lokacin ne ƙwai ya fi fita.

5. A miƙa shi nan da nan. Kada ya wuce awa 2. In ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin jini suna fashewa, sanduna suna narkewa. Wanda ya taso daga ƙauye mai nisa ya bari sai ya iso, ya yi a can.

6. Mace mai jinin al'ada ta faɗa wa ma'aikaciya, don kada jinin ya ruɗa mai awo.

7. A faɗa wa likita duk maganin da aka sha, na boko da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

8. Kada a haɗa fitsarin yara biyu. Kada a kawo na wani a madadin na wani.

WA YA KAMATA YA JE?

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun nan ya tafi likita:

- fitsari ja, ko mai duhu kamar shayi;
- zafi wajen fitsari, ko fitsari mai mugunya;
- fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya;
- kumburin fuska da safe, ko kumburin ƙafa;
- ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi.

Wanda fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko ya tsaya wuni guda, kada ya kwana a gida. Haka yaro mai zazzaɓi da baƙin fitsari. Mace mai ciki ta riƙa zuwa awon ciki, ko ba ta jin komai. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su ba da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara.

A fara da gidan likita mafi kusa. In babu madubi a wurin, za a rubuta takarda zuwa inda yake. Akwai ɗakin awo a asibitin gunduma na Ƙonni da na Illela, da asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950, da babban asibitin Tawa. A adana takardar sakamako. In an koma wata rana, likita zai gwada ta da sabuwa, ya ga ko ƙoda tana samun sauƙi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne aikin ƙoda?
2. Don me ake juya fitsari cikin inji kafin a duba shi?
3. Yaya siffar ƙwan tsargiya take?
4. A ina sandunan ƙoda suke samuwa? Me sanda mai jajayen ƙwayoyi take nunawa?
5. Don me ba a ba yaran nan uku magani iri ɗaya ba?
6. Wane lokaci ya fi dacewa a ba da fitsari don neman tsargiya?
7. A ina yaran wannan gari suke wanka? Me jama'a za su iya yi tare kafin damina mai zuwa?